Hannuna Ne a Hoton

Ban taɓa zuwa wurin boka ba, ban taɓa sa an buga mini ƙasa ba, ko labarin taurarin nan da ake bugawa a bayan jarida ba na karantawa. Na fara da wannan ne saboda har yau akwai matan da in aka ambace ni a unguwar Rusholme ta Manchester sukan ce, "Au, mai kartar nan." Karta kam ni na saya, ban taɓa musawa ba. Amma yadda aka yi aka saye ta, da wadda ta tsaya a gefena a kantin tana zaɓe, wannan ba a taɓa barina na faɗa har ƙarshe ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a digirina na uku a Manchester, 'yata kuma ba ta cika shekara uku ba. Mijina yana Zariya yana koyarwa. Surukata tun farko ba ta so na taho da yarinyar ba, ta ce karatu da goyo ba sa zama a zani ɗaya. Ni kuwa na kafe, don ina da taurin kai, kowa ya shaida. A ƙarshe aka bar mini ita bisa sharaɗi: duk ranar da riƙon ya gagare ni, in mayar da ita gida ba gardama. Na amsa da sauri, ina ganin ranar ba za ta zo ba.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Duk abin da ka ji hukuma ta ce za ta duba, to rufe shi za ta yi. Gidan renon da ke bayan layinmu, wanda ake karɓar yara kusan kyauta, muna ji muna gani aka garƙame shi, aka manna takarda a ƙofa ana ba mu haƙuri. Sai muka haɗa kai mu biyar, matan Hausawa, muka shiga karɓa-karɓa. Kowace ta ɗauki rana ɗaya a mako, a tara mata yara bakwai a falo daga safe har la'asar, sauran ranakun huɗu ta tafi harkarta. Tawa ranar Alhamis ce. Da wannan tsarin nake shiga ɗakin gwaje-gwaje da safe, da shi nake zuwa ɗan aikin da nake yi da rana. Ba don shi ba, ko mako ɗaya ba zan iya riƙe 'yata a ƙasar ba.

Shugabar tsarin ita ce Maman 'Yan Biyu, mutuniyar Gana, mace mai kirki da kaifin ido. Ta dalilin yayarta, wadda nake kira Anti, na san ta. A gidan Anti na zauna a unguwar Perry Barr lokacin da nake digiri na biyu a Birmingham, a can kuma na haihu. Ba uwa kusa, ba ƙanwa, miji sai a waya. Anti ce ta yi mini wankan jego kwana arba'in a wani ɗan banɗaki da ko juyawa ba a yi sosai, tana tafasa ruwa a buta sau shida, tana zagina cikin wasa in na ce da zafi. Ita ta dama mini kunun kanwa da kanwar da ta yi shekara tana ɓoyo. Tun daga nan ba ta sake kiran sunana ba, sai Maijego. In da a lokacin za a ce in nuna mutum ɗaya da ba zai taɓa cutata ba a duk ƙasar, ita zan nuna.

Aikin da nake yi na kula da tsofaffi ne a gidajensu. Cikin waɗanda aka ba ni akwai wata Baturiya da ta haura tamanin, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ƙwace mata. Kalmar tana bakinta amma ta ƙi fitowa, sai ta yi ta dukan hannun kujera da hagu. Mai koya mata magana ta zo 'yan lokuta aka ce zuwan ya isa haka. Gidan da ake kai tsofaffi su wuni shi ma an rufe. 'Yarta tana wata ƙasa. Saboda haka daga ni sai mai kawo abinci muke buɗe ƙofar gidan.

Kusan mako guda ta yi tana nuna mini wata durowa kafin na gane. A ciki na sami karta naɗe a ƙyallen siliki, ta tsufa har gefunanta sun yi laushi. Na ɗauka ta wasa ce, irin wadda yayyena suke yi a zaure a ɓoye. Da na yi waya da 'yarta ta ce a'a, tarot ce, kartar duba, uwarta ta yi shekara hamsin tana shimfiɗa ta kowace safiya da shayinta. Matsalar ita ce tsohuwar kartar irin ta Faransa ce. Yawancin katunan ba hoton mutum, sai takubba ko kofuna a jere, ka ƙirga da kanka. Tsohuwa kuwa yanzu ba ta iya ƙirga, ba ta iya karanta rubutun ƙasa, in ta ɗaga katin takubba bakwai sai ta ga kamar an zube itace. 'Yar ta ce mai koyar da maganar ta taɓa cewa hoto yana janyo kalma, ko zan taimaka in samo mata wadda take da sauƙin karantawa, ta gargajiya, mai hoto a kowane kati. Na ce me zai hana ta aiko ta gidan waya. Ta ce uwarta ba za ta taɓa ba, domin a al'adarsu karta ba a saya wa kai, kuma ba a tsinto ta a bakin ƙofa, sai wani ya miƙa maka hannu da hannu.

Na san hukuncin duba tun ina 'yar Islamiyya, ba sai an tuna mini ba. Kwana uku ina jayayya da kaina. Na ce ai ba ni zan duba ba. Na ce ai magani ne, kamar sandar da take dogarawa. Gaskiyar magana dai, kunyar tsohuwar na ji. Mu an raine mu a kan cewa tsoho ba ya roƙonka abu sau uku, wannan kuwa ko bakin roƙon ba ta da shi, ido kawai take zuba mini in na shigo.

Wautata ta fara ne daga inda zan saya. In na saya ta intanet, mai kawo kaya yakan bar saƙo wurin maƙwabciyata, wata matar ɗalibi da sai ta girgiza kwali ta ji me ke ciki kafin ta ba ka. In na shiga irin kantin a Manchester, to motar Oxford Road ba a hawanta ba a gamu da wanda ya san ka ba. Sai dabara ta zo mini: in tafi Birmingham inda ba idon sani. Ni da na yi shekara biyu a garin, na manta cewa a wurin mutanenmu Birmingham da Manchester unguwa ɗaya ce, suna ɗaya ake zuwa, gawa ɗaya ake rakawa. An gudu ba a tsira ba.

Ranar Asabar muka hau doguwar mota ni da 'yata, muka sauka gidan Anti. Ban ɓoye mata komai ba, don ban saba ba. Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta yi dariya ta ce kakarta a zangon Kumasi wuri take watsawa a tabarma, kuma ba ta taɓa fashin salla ba. Ta ɗauki mayafi ta ce mu je, ba za ta bar ni in je in kwaso shirme ba. Muka bar yarinyar wurin 'yarta babba.

Kantin siriri ne, cike da kyandir da duwatsu masu ƙyalli, ga wani turare mai hawa kai. Mai kantin ta ga mata biyu da hijabi ko gira ba ta ɗaga ba, ta fito mana da samfura a buɗe ta jera a tebur. Ashe abin iri-iri ne. Akwai wadda duk kyanwoyi ne, akwai ta mata masu fukafukai ba sutura, akwai wata baƙa ƙirin da sai ka ƙura ido kafin ka ga zanen. Ni na ruɗe, na kama duba 'yar takardar bayani kamar mai shirin jarrabawa.

Anti ce ta yi aikin. Ta tambaye ni wane hannu ne ya mutu, na ce dama. Ta mayar da hannunta na dama baya ta riƙe shi a can, ta cire tabarau ta ba ni, sannan ta shiga ɗaukar katunan da hagu ɗaya bayan ɗaya. Manya-manyan ta ture su gefe, ta ce hannu ɗaya ba zai riƙe ba. Masu sheƙi ta karkata su a ƙarƙashin fitila ta ce haske zai kashe wa tsohuwa ido. Masu santsi ta bar su suka zame daga yatsunta don in gani da kaina. Wadda rubutunta yake da ƙawa da lanƙwasa ta ce a ba masu ido. A ƙarshe saura ɗaya, tsohon zane, launi huɗu ko biyar masu ƙarfi, rawaya da shuɗi da ja, baƙin layi ya zagaye kowane abu, kuma a kowane kati akwai mutum yana yin wani abu. Ta ɗaga ɗaya nesa da fuskarta, wani mutum ya rungumo sanduna ya sunkuya, ta ce wannan ko jaki ya gani ya san kaya sun fi ƙarfin mai su. Na yi dariya har mai kantin ta taya ni ba ta san me aka ce ba. A raina na ce Allah ya bar mini Anti.

Akwai kati ɗaya da ta daɗe tana kallo, wata mace zaune a kan gado ta rufe fuska da tafukanta. Na miƙa mata tabarau ta karɓa ta mayar a idonta.

Ranar Litinin na miƙa wa tsohuwa kartar hannu da hannu. Ta buɗe da haƙori da hagu, ta ƙi yarda in taimaka. Ta ɗaga katin farko, wani yaro a kan farin doki rana ta fito a bayansa, ta kalle shi, sai na ji ta ce "sun", sarai, ba gargada. Ta ɗaga na biyu ta ce "boat". Wata huɗu ina shiga gidan ban taɓa jin kalma biyu a jere daga bakinta ba. Na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska. Wannan ɓangaren ban taɓa nadamarsa ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi ba.

Bayan mako uku Anti ta zo Manchester wurin ƙanwarta, ana jibi Salla. Maman 'Yan Biyu ta tara mu ta yi mana lalle, don ita ce gwanarmu, tana da wani zanen ganye da take ja daga ɗan yatsa har wuyan hannu. Bayan Salla da kwana biyu Anti ta biyo ni har tashar mota ta ce tana da magana. Ta kama hannuna ta sa ni na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ko ƙanwarta, ko 'ya'yanta. Ta ce ta ji wani ƙulli a ƙirjinta, likita ya tura ta asibiti, an ba ta rana an ɗaga, an sake ba ta an sake ɗagawa. Ta ce ba ta barci. Sannan ta ce in kai ta wurin tsohuwar nan.

Na ce a'a. Na ce haramun ne, ta fi ni sani, ita da ta je Makka sau biyu. Na ce a wurin aiki an hana mu shigar da kowa gidan tsofaffi, in aka ji korata za a yi.

"Maijego," ta ce, "ni na taɓa roƙonki wani abu?"

Ba ta taɓa ba. Kwana arba'in ɗin nan suka faɗo mini a rai. Muka hau mota tare.

Tsohuwa ta ji daɗin baƙuwa, har ta sa na gyara mata gashi. Da ta gane abin da ake so sai ta miƙe zaune kamar an ƙara mata jini. Amma hannu ɗaya ba ya tankaɗe karta, ba ya rabawa. Ta tura mini ita. Na dubi Anti, Anti ta kawar da kai, ta ce ita ba za ta taɓa ba. Ni na tankaɗe, ni na jera uku a tebur, ni na juya su. Tsohuwa ta daɗe tana kallo, tana fitar da kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar, jira, ruwa, gida. Ni ban ga abin da mutum zai ɗauka a ciki ba, amma Anti hawaye take yi tana gyaɗa kai. Kafin in kwashe ta ce in dakata, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto, wai don ta riƙa dubawa in tsoro ya taso mata. Hannuna yana kan katin ƙarshe.

Kwana goma bayan nan aka yi suna a Birmingham, ban samu zuwa ba. Ranar Litinin na kai 'yata gidan Maman 'Yan Biyu, ta leƙo ta ce 'yan biyu suna tari, gara kada a haɗa yara yau. Na ce Allah ya sawwaƙe, na koma da ita. Talata mai ranar ta ce baƙi ta yi. Laraba aka ƙi ɗaukar wayata. Duk da haka ban gane ba, don mu ba ma faɗa wa mutum laifinsa, janye masa tabarma muke yi a hankali har ya ji ƙasa.

Ranar Alhamis na tashi da wuri na dafa taliya da miyar da yaran suke so, ba yaji. Na ture kujeru jikin bango, na shimfiɗa bargo, na jera kofuna bakwai. 'Yata ta kwaso kayan wasanta ta zube a tsakiya ta hau kujerar taga. Tara ta yi, goma ta yi. Ina ji ana wucewa a matakala, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Wajen sha ɗaya ta juyo ta ce, "Mummy, where's everybody?" Na ce suna hanya. Da azahar ta yi barci a jikin tagar, ni kuma na zuba taliyar mutum takwas a robobi.

Da la'asar na saɓa ta a kafaɗa na tafi gidan Maman 'Yan Biyu, raina a ɓace. Daga bakin ƙofa ina jin muryoyin yara a ciki, dukansu, har da masu tarin. Ta fito ta ja ƙofa ta rufe a bayanta. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce a wurin suna ana zagaya wayar yayarta ana kallon hotunan Salla, sai ga hoton kartar nan. Ta ce ba sai an gaya mata hannun wa ne ba, lallen da ta zana da kanta ba zai ɓace mata ba. Ta ce sun tambayi Hajiya, wato Anti, a gaban mata, Hajiya ta fashe da kuka ta ce ni na ja ta kantin, ni na kai ta gidan wata bokanya Baturiya da sunan gaisuwa, ni nake buga kartar, ita kuma ta ɗauki hoton ne don ta samu shaidar da za ta yi mini nasiha da ita.

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce ƙarya ne, wallahi ƙarya ne, ita ta roƙe ni, ita ta zaɓi kartar ma da hannunta.

"To me Hajiya take nema a wurin ɗan duba?" ta ce. "Faɗa mini. Miji gare ta, 'ya'ya gare ta, papers ɗinta complete. Me take nema?"

Amsar tana kan harshena. Kalma uku ce ko huɗu. Na tuna tashar mota da hannun Anti a kan nawa, na tuna na ambaci sunan Allah. Na yi shiru, shirun nan kuwa shi ya gama da ni. Ta ce in ji tsoron Allah in daina shafa wa babbar mace kashin kaji, matar da ta wanke mini jini. Ta ce ba su kore ni daga Musulunci ba, amma ba mai barin ɗansa a ɗakin da ake wannan abu. Ta shafa kan 'yata ta koma ciki.

Asabar na sake hawa doguwar motar, ni kaɗai da yarinya a cinya, ina ta shirya maganganun da zan faɗa. Na tarar da Anti a kicin tana yanka kuɓewa. Ta gan ni ba ta razana ba, ta ce a kawo wa Maijego ruwa. Na ce ban zo shan ruwa ba. Na faɗi duk abin da na shirya har da wanda ban shirya ba. Na ce ta san sharaɗin da ke kaina, ta san in matan nan suka sake ni 'yata za ta tafi. Na ce ta kira ƙanwarta yanzu a gabana, ba sai ta faɗi ciwon ba, ta ce kawai ita ta nema. Ta ci gaba da yanka har kuɓewar ta ƙare, sannan ta ajiye wuƙar.

"Ke student ce," ta ce. "Shekara biyu ki gama ki koma gidanku, a manta. Ni a nan zan mutu, wataƙila ma bana. Matan nan su za su yi mini wanka, mazansu su za su sallace ni. Kina so a tsaya ana shawara a kan gawata?"

Na ce to ni fa.

"Ke yarinya ce, za ki ɗauka."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba a cikin fushi ta faɗa ba. Ta riga ta auna mu biyu ta ga wadda ta fi sauƙin zubarwa, kamar yadda ta auna katunan nan a kanti. Har ta zuba mini miya a roba in tafi da ita. Na bar robar a kan tebur, na ɗauki 'yata muka fita, tana ta ɗaga wa Anti hannu.

Ba zan wanke kaina tas ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na shigar da ita gidan, ni na juya katunan, na yi istigfari a kan wannan kuma ina yi. Amma laifin da na yi saboda ita na yi shi, ita kuma ta ɗauke shi duka ta aza mini, ta ƙara da nata.

Na yi ta fama mako biyar. Na je da yarinya ofishin ɗalibai na zaunar da ita ƙarƙashin tebur da biskit, har malamina ya kira ni ya ce cikin ladabi ba a shigo da yara ginin da ake ajiye sinadarai. Na zagaya gidajen reno masu zaman kansu, na ji abin da suke karɓa na fito. Na rage aiki, na daina zuwa wurin kowa sai tsohuwar, ita ma da yarinya nake zuwa a ɓoye, ta zauna a ƙasa tsohuwa tana nuna mata doki da jirgin ruwa. Ɗaya daga cikin matan ta gamu da ni a kantin nama ta ce ita dai ba ta yarda da zancen ba, amma mijinta ya hana. Labari kuwa ya riga ni isa Zariya, ta bakin wa ban sani ba. Mijina bai tambaye ni ko gaskiya ne ba, na gode masa da wannan. Cewa kawai ya yi, "Kin tuna alkawarin da kika yi wa Hajiya?" Yana nufin mahaifiyarsa. Na ce na tuna.

A hutun bazara na kai 'yata Zariya wurin surukata. Na dawo da kujerar mota ta yara da ban san me zan yi da ita ba, na bar ta a bayan ƙofa har na gama karatu.

Ƙullin Anti, da aka zo aka duba, ba komai ba ne, ruwa ne aka zuƙe. A bakin mutane na ji, don da ta samu lafiya da kanta ta ba da labari, aka yi sadaka, aka yi ta mamakin irin haƙurinta da ta ɓoye wa kowa. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, ko kuma sun haɗa sun ga ba amfanin tonawa. Na jira ta kira ni. Da Salla ta turo mini saƙon barka irin wanda ake tura wa kowa, mai hoton wata da tauraro.

Shekara ɗaya da wata huɗu na yi ban ga 'yata ba sai a waya, wayar ma in an miƙa mata sai ta gudu. Ranar da na koma, na sauka gidan surukata da yamma, akwatina cike da kayan da na yi ta saya mata ina kintatar tsawonta. Aka ce ta fito ta gaida baƙuwa. Ta fito da ɗan hijabinta, ta yi tsawo, Turancin ya tafi gaba ɗaya. Ta durƙusa nesa da ni ta ce ina wuni, na ce lafiya lau, na buɗe hannuwa. Ta tsaya tana kallona da ladabi, sannan ta koma ta raɓe a jikin kakarta, ta ja bakin zaninta.

"Mama," ta ce mata a hankali, "wannan a ɗakin wa za ta kwana?"

Surukata ta ce a ɗakinku mana. Yarinyar ta ce to, ta je ta kwashe 'yar tsanarta da takalmanta daga ɗakin ta kai na kakarta.